Hanyar Tifa Ta Wucin Gadi A Cikin Gonaki: Wa Ke Ba Da Izini, Kuma Me Za A Rubuta?

Wani mai unguwa daga ƙasar Birnin Kudu a jihar Jigawa ya aiko da wannan tambaya: "Wani kamfani ya zo mana da takardar da ya ce lasisi ne daga Abuja na haƙar tsakuwa a gindin wani dutse da ke bayan garinmu. Tsakanin dutsen da kwalta kusan kilomita uku ne, kuma babu hanya sai turbar amalanke. Suna so su fasa hanya ta cikin gonaki goma sha ɗaya, ta tsallaka burtali, ta fito kusa da makarantar firamare. Sun ce ta wucin gadi ce, wata shida kawai, kuma za su ba kowane mai gona wani abu. Dagaci ya ce in tara mutane mu ba da amsa. Shin lasisinsu ya ba su ikon bin gonakinmu? Idan mun yarda, wace takarda ya kamata a yi?"

Ranka ya daɗe, amsar tambayarka ta farko ita ce a'a. Lasisin haƙa, ko da sahihi ne babu shakka a kansa, iyakarsa filin da aka zana wa kamfanin a taswira, kuma duk inda tayar tifa za ta taka a wajen wannan filin sai an nemi yardar wani daban. Na shafe shekaru masu yawa ina duba aikin hanyoyin karkara a Kano da Jigawa, kuma mafi yawan rigimar da na tarar tsakanin masu haƙa da manoma daga nan take farawa, wato mutane su ga takarda mai hatimin tarayya su ɗauka ta haɗiye komai. Abubuwa uku ne a gabanku, kowanne da mai iko da shi: dutsen da ke cikin ƙasa, gonakin da hanyar za ta ratsa, da bakin kwalta inda za ta fito.

Dutsen na gwamnatin tarayya ne. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa mata duk ma'adanan da ke ƙasar nan, kuma Dokar Ma'adanai da Haƙarsu ta 2007 ta sanya tsakuwa da yashi da burji da dutsen gini a cikin abin da ba a ɗiba don kasuwanci sai da lasisi, abin da yake ba mutane da yawa mamaki, domin sun saba ganin waɗannan a matsayin ƙasar gari. Ofishin rajistar ma'adanai da ke Abuja, wanda ake kira MCO a taƙaice, shi ke ba da lasisin fasa dutse, wa'adinsa shekara biyar ana sabuntawa, filinsa kuma ba ya wuce murabba'in kilomita biyar. Ku nemi kofen takardar a hannunku, kada ku tsaya ga wadda aka ɗaga muku daga nesa. A duba ko sunan da ke kai shi ne na kamfanin da ya zo, ko wa'adin bai ƙare ba, kuma ko lasisin haƙa ne ba na bincike ba, domin lasisin bincike bai ba kowa damar loda tifa ya kai kasuwa ba. A cikin takardar akwai lambobin da ke nuna kusurwoyin filin, kuma safiyo zai iya nuna muku su a ƙasa cikin wuni ɗaya. Jami'in ma'adanai na tarayya mai kula da jihar shi zai tabbatar muku da ingancinta. Dokar ta kuma cire wasu wurare daga haƙa, kamar gari da kasuwa da maƙabarta da wuraren tarihi, da abin da ke tsakanin mita hamsin da hanyar gwamnati ko madatsar ruwa ko ginin hukuma. Wannan ya shafe ku sosai a ƙasar Birnin Kudu, inda duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude suke ɗauke da zanen mutanen da, don haka idan dutsen naku yana da wani zane ko kogo da kakanni suka girmama, a faɗa tun yanzu.

Gonaki kuwa suna ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma bar kula da ƙasar karkara ga ƙaramar hukuma. Dokar ta amince da haƙƙin wanda ya gaji gonarsa yana nomawa, ko da ba shi da takarda ko ɗaya. Gaskiya ne gwamnati tana da ikon karɓar fili saboda aikin ma'adanai, amma wannan yana zuwa ne da sanarwa a rubuce daga hukuma tare da biyan diyya, kuma maganar wakilin kamfani a ƙofar gidanka ba ta zama wannan sanarwa ba. Tunda ba ta wannan hanya suka zo ba, abin da suke nema alfarma ce ta haya, kuma masu gonakin nan goma sha ɗaya su ne masu cewa e ko a'a, kowa a kan tasa.

A nan zan roƙi arziki, ranka ya daɗe, domin wurin yana da santsi. Kai da dagaci da hakimi shaidu ne kuma iyayen ƙasa, amma kada ka sa hannu a madadin kowane mai gona, ko da ya ce maka ya wakilta ka da baki. Idan abu ya ɓaci bayan shekara biyu, kamfani ya tafi, kai za a riƙa nunawa a masallaci da kasuwa. Sannan ka binciki kowace gona da kyau kafin taro. Za ka tarar wata ta gado ce da ba a raba ba, a ciki akwai rabon mata da suka yi aure a wasu garuruwa da rabon marayu, kuma babban wa ba shi da ikon karɓe kuɗin shi kaɗai. Wata aro ce, wata jingina ce, wata haya ce. A irin waɗannan, kuɗin amfanin gonar da za a rasa na wanda yake nomawa ne, kuɗin hayar ƙasa da na bishiyoyi kuma na mai asalin gonar ne, kuma idan ba a bambanta su a takarda ba za a bar 'yan uwa da gaba wadda za ta fi hanyar daɗewa.

Bayan yardar manoma sai amincewar hukuma. Gina hanyoyin cikin ƙauyuka da magudanan ruwa da kula da su yana cikin ayyukan da kundin tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma, saboda haka sashen ayyuka da sashen filaye na ƙaramar hukumarku su ya kamata su fito su ga layin hanyar, su ba da amincewa a rubuce tare da taswira. Idan tifofin za su hau hanyar jiha, ma'aikatar ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi, wato JIRMA a Jigawa ko KARMA a Kano, suna da ta cewa. Idan kuwa kwaltar ta tarayya ce, kamar wadda ta taso daga Kano ta bi ta Wudil zuwa Birnin Kudu, to mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane gefe na gwamnatin tarayya ne, kuma ba a buɗe mashiga a wurin sai da izinin kwanturolan ayyuka na tarayya da ke jihar. Wannan nauyin kamfani ne, ba naku ba, amma ku nemi ganin takardar. Mahaɗar nan ita ce wuri mafi hatsari a duk hanyar, domin tifa mai lodi tana fitowa a hankali ta tare titi a gaban motar da ta taho da gudu, tsakuwar da ke zuba kuma tana kayar da masu babur. Kada a buɗe ta a kan kwana ko a bayan tudu, a sa kwalbati a lambatun gefen titi, a kuma zuba kankare ko kwalta a mita ashirin zuwa talatin na ƙarshe domin tayoyi su karkaɗe ƙasarsu kafin su hau titi.

Burtali ba na mutum ɗaya ba ne, don haka babu manomi ko mai unguwar da zai iya ba da shi. A kira ardo ya zauna a taron tun farko, a kuma sanar da hukumar jiha mai sasanta manoma da makiyaya. Hanyar ta tsallaka burtalin kai tsaye a wuri ɗaya, kada ta bi tsawonsa, kuma kada a haƙa lambatu mai zurfi ko a tara tudun ƙasa a mashigarsa. Shanun da aka toshe wa hanya gona za su faɗa, kuma ranar da haka ta faru ba za a nemi direban katafila ba.

Yanzu ga zaɓen layin hanyar, wanda a ganina ya fi kuɗin diyya muhimmanci, ko da yake mutane sun fi ba diyya hankali. Kamfani yana son layi miƙaƙƙe saboda man fetur da lokaci, ku kuma abin da ya dace da ku shi ne layin da ya bi iyakokin gonaki da tsohuwar turbar amalanke, ko da zai ƙara rabin kilomita. Gonar da aka yanka gida biyu ta tsakiya ta yi asarar fiye da abin da aka taka, domin kunyoyi sun gutsure, garmar shanu ba ta samun tsawon juyawa, kuma ɓangaren da ya rage a ƙetare yakan zama saura. Ku bi layin da ƙafa tare da injiniyansu, ku tafi da dattawan da suka san inda ruwa ke kwanciya da inda yake gudu a watan Agusta, domin wanda ya zo da rani ya ga busasshiyar ƙasa ba zai san cewa nan ƙorama ce ba. Ku kuma lura da iska. Aikin zai fi ƙarfi ne a hunturu, lokacin da iska ke tasowa daga arewa maso gabas, saboda haka hanyar da ta bi ta kudu maso yammacin gari ƙurarta daji za ta nufa, wadda ta bi ta arewa maso gabas kuwa a cikin tukwane da ɗakunan kwana za ta sauke ta. Ƙurar dutse tana cutar da huhu idan aka daɗe ana shaƙa, kuma tana rufe ganyen shuka. Batun fitowa kusa da makarantar firamare, shawarata ita ce ku ƙi shi gaba ɗaya, ba tare da ciniki ba.

Dalilina lissafi ne. Faɗin tifa kusan mita biyu da rabi ne, biyu kuma ba sa wuce juna cikin aminci sai da kamar mita bakwai, idan aka haɗa da lambatu a gefe biyu an kai mita goma. Kilomita uku sau mita goma hekta uku ke nan na ƙasar noma. Idan suna sawu arba'in a rana, wucewa tamanin ce da zuwa da dawowa, wato a cikin awa goma na aiki tifa ɗaya duk bayan minti bakwai da rabi. Motar da ke tafiyar kilomita talatin a awa tana cin mita takwas a kowace daƙiƙa, kuma mai taya goma idan an cika ta takan kai tan ashirin da biyar zuwa talatin, ba ta tsayawa inda direba ya so. Yaro ɗan aji biyu da ya fito tara da gudu ba ya wannan lissafi.

Nauyin nan shi ne kuma abin da ke kashe gona. Tun gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi suka gano cewa idan nauyin da ke kan layin taya ɗaya ya ninka sau biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau goma sha shida. Idan haka yake ga kwalta, to ina ga ƙasar gero da riɗi? Tayoyi suna danne ta har ƙasa da inda fartanya da garma ke kaiwa, ta koma fako, ruwa ba ya shiga, saiwa ba ta ratsawa. Ruwan da bai shiga ƙasa ba kuma dole ya nemi wurin zuwa, sai ya bi sawun tayoyi. An taɓa tura ni duba ɓarna a wani ƙauye inda aka yi irin wannan hanya da baki kawai, aka ba manoma abin da aka ba su, aka yi lodi rani ɗaya aka tafi. Hanyar ta gangaro daga gindin dutse babu kwalbati ko ɗaya, babu inda aka karkatar da ruwa. Damina uku bayan haka na tsaya a cikin sawun tifar, bakin ramin ya wuce kaina, kuma kwazazzabon ya cinye gonaki biyu da ba sa ma cikin waɗanda aka biya. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya nuna mini inda iyakar gonar mahaifinsa take, a tsakiyar rami. Ban sami abin da zan rubuta a rahoto da zai dawo masa da ita ba, domin babu takarda, babu wanda za a kama. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar kalmar "wucin gadi" da sauƙi ba.

Wannan kalma ba ta da wata ma'ana sai an rubuta mata rana. A sa ranar farawa da ranar rufewa da lambobi, kada a yarda da "har aiki ya ƙare" ko "har a gama kwangila". Ba lallai ne kamfanin yana da niyyar yaudara ba, sai dai kwangilar hanya takan tsaya saboda jinkirin biya, sabon mai saye yakan fito, lasisinsu kuma na shekara biyar ne, don haka wata shida yana iya zama shekara uku ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Lokacin da ya dace shi ne daga bayan an kwashe amfanin gona, wajen watan Nuwamba, zuwa watan Mayu kafin ruwa ya sauka, kuma a rubuta cewa da saukar damina hanya ta rufu, domin ɓarnar da tifa ke yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi wadda take yi a kan busasshiya nesa ba kusa ba. Idan suna son ƙarin lokaci, sabuwar yarda ce da sabon biya daga kowane mai gona. A tabbatar kalmar "haya" ce a takardar, a kuma rubuta ƙarara cewa ƙasar tana nan ta mai ita, ba a sayar ba, ba a sallama ba, kuma kamfanin ba shi da ikon ba wani kamfani hanyar ya bi.

Abu na biyu da ke sa wucin gadi ya zama gaskiya shi ne kuɗin gyara, kuma wannan shi ne sharaɗin da zan ce kada ku sassauta a kansa ko da za ku sassauta a kan wasu. Kafin katafila ta shiga, a ɗauki hoton kowace gona, a ƙirga bishiyoyinta, a kafa alamun iyaka a wajen layin hanya inda ba za a tumɓuke su ba. A kankare ƙasar sama, kamar santimita goma sha biyar zuwa ashirin, wadda ita ce mai taki, a tara ta gefe a gonar mai ita, sannan a zuba burji. Duk inda ruwa ke tsallakawa a sa kwalbati, kuma zobe mai faɗin santimita casa'in ya fi ƙanana, domin yashi yana toshe ƙanana a ruwan farko. Ranar tashi kuma aikin a bayyane yake: a kwashe burjin, a farfasa ƙasar da ta danne da haƙoran katafila zuwa zurfin kusan rabin mita, a mayar da ƙasar sama, a zuba taki, a cike lambatu, a dawo da iyakoki, a dasa gamba ko jema inda gangara take. Injiniyan ƙaramar hukuma ya kimanta abin da wannan aiki zai ci, kamfanin ya ajiye kuɗin tun farko a asusun banki da ba a cirewa sai da sa hannun wakilinsa da na manoma da na ƙaramar hukuma. Idan ya gyara, kuɗinsa ya koma masa cif. Idan bai gyara ba, ku ɗauki hayar injin da kanku. Dokar 2007 ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi ke zuba kuɗi a ciki, amma wannan yana hannun tarayya, kuma manomin da ke son shuka a watan Yuni ba zai iya jiran sa ba. Kamfanin da ya yi niyyar gyara ba ya jin nauyin wannan sharaɗi, wanda kuma ya yi ta zillewa a kansa ya riga ya gaya muku abin da zai yi.

Game da diyya, kalmar "wani abu" da suka faɗa ba ta isa ba. A auna abin da aka ɗiba daga kowace gona da mita, a lissafa damin gero ko buhun riɗi ko wake da wurin ke bayarwa a farashin kasuwa, a kuma ƙara damina biyu ko uku bayan an tashi, domin ƙasar da aka danne ba ta dawowa a shekara ɗaya ko da an gyara ta. A sa gefen hanya da ƙura za ta rufe a cikin lissafi idan akwai noman rani ko lambu. Bishiya kuwa, gara a kauce mata da a biya ta, domin ɗorawa ko tsamiya ko kuka da ta yi shekara hamsin tana ciyar da gida babu kuɗin da zai tsayar da irinta a zamanin mai ita. Jami'an kimanta diyya na ma'aikatar filaye suna da jadawalin farashi, amma ku ɗauke shi a matsayin mafi ƙanƙanta, tunda wannan ciniki ne na yarda. Kowa a biya shi a hannunsa ko a asusunsa, da rasit, a gaban shaidu.

Sai ƙa'idojin zirga-zirga, waɗanda ba su da wuyar rubutawa: lokacin farawa da tashi, ba a lodi da dare, gudu kada ya wuce kilomita ashirin a awa kusa da gidaje, a rufe lodi da tamfol, tankar ruwa ta riƙa yayyafi safe da rana da yamma, mai tuta ya tsaya a burtali da bakin titi, a dakata lokacin sallar Juma'a da ranar kasuwa idan hanyar ta haɗu da ta masu cin kasuwa. A rubuta inda tankar za ta ɗebo ruwa, kada ta ƙafar da rijiyar burtsatse ko tafkin da dabbobi ke sha. Abin da aka fi mantawa shi ne yawancin tifofin ba na kamfani ba ne, na 'yan kasuwa ne da ake biya da sawu, kuma wanda ake biya da sawu gudu ne ribarsa. Idan aka take akuya ko aka rushe katanga, sai kamfani ya ce ba motarsa ba ce. Saboda haka a rubuta cewa duk motar da ta ɗauki lodi daga wurinsu suna da alhakinta a kan wannan hanya, su ba da lambobin motocin, su kuma sanya mutum ɗaya da za a kai wa ƙara, da adadin kwanakin da za a biya ɓarna a ciki. A kuma rubuta cewa idan an karya sharaɗi bayan gargaɗi a rubuce, ƙaramar hukuma za ta rufe hanyar har a gyara. Wannan zai hana matasa kafa shinge suna karɓar kuɗi a hannun direbobi, abin da yake jawo kamu ya kuma raunana matsayinku ko da kuna da gaskiya.

Kada a cakuɗa wannan duka da haƙƙin gari. Sashe na 116 na dokar 2007 ya wajabta wa mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, ana kuma sake duba ta duk shekara biyar. Rijiya ko ajin makaranta ko ɗaukar 'ya'yanku aiki a nan suke shiga, kuma ba sa maye gurbin diyyar mai gona. Ku kuma tambayi takardar tantance illar aikin ga muhalli, wadda dokar 1992 ta tanada, ku ga ko an ambaci hanyar a ciki da abin da za a yi da ramin bayan an tashi, domin ramin da aka bari yakan zama kududdufi mai zurfi da yara ke faɗawa. Idan ƙorafi ya fi ƙarfin hakimi da ƙaramar hukuma, akwai kwamitin ma'adanai da muhalli na jiha da dokar 2007 ta kafa, ana kiransa MIREMCO, akwai kuma hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wato NESREA, mai ƙa'idojin fasa dutse na 2013.

Mai yiwuwa wasu daga cikin mutanenka su ce suna son hanyar ta zauna, domin ta sauƙaƙa fitar da amfanin gona da kai mara lafiya asibiti, kuma wannan buƙata ce mai kyau. Ni ma ba na goyon bayan a kori kamfanin haka kawai, tunda da tsakuwar nan ake gina tituna da gadoji da gidajen da muke buƙata, kuma matasanku za su sami aikin lodi da gadi. Amma idan hanyar za ta dawwama, a yanke shawarar tun yanzu, ƙaramar hukuma ta karɓe ta a hukumance, a biya masu gonaki cikakkiyar diyyar rabuwa da ƙasa, a yi kwalbatoci na dindindin. Abin da ba na so ku faɗa ciki shi ne a biya mutum hayar wata shida, a wayi gari ƙasarsa ta zama hanyar kowa har abada.

Abin da za ka kai wa dagaci, ranka ya daɗe, shi ne gari bai ƙi ba, amma yana neman mako uku. A makon farko kamfani ya kawo kofen lasisi da taswirar layin da yake so da amincewar masu titi, ku kuma ku tantance masu haƙƙi a kowace gona. A na biyu a bi layin da ƙafa tare da ardo da shugaban makaranta da injiniyan ƙaramar hukuma, a karkatar da shi daga makarantar. A na uku lauyan da ku kuka zaɓa, ba wanda kamfani ya kawo ba, ya rubuta yarjejeniyar, a fassara ta da Hausa, a karanta ta da ƙarfi a ƙofar gidan dagaci, kowane mai gona ya sa hannu ko ya dangwala ya tafi da kofensa, a ajiye ɗaya a wurin hakimi, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma. Katafila ta jira a bakin titi har sai an nuna muku shaidar banki cewa kuɗin gyara ya shiga asusu.